Inda Za a Kai Tartsatsi

Sau uku mai walda yana ɗora karen gidansa a bayan babur ɗinsa mai ƙafa uku, sau uku karen yana dirowa. A na huɗu ya danne shi da gwiwa, ya zura igiya a ƙarfen gefe ya yi mata ƙulli biyu, yana haki kamar wanda ya sauke ƙofar gareji shi kaɗai. Karen ko a jikinsa. Ya lashe masa kunne, ya hau kaɗa wutsiya tana dukan bodin babur, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Shi a ganinsa yawo za a tafi.

"Ka ga abin da nake faɗa ko?" in ji matarsa daga bakin ƙofa, tsintsiya a hannu, gefen zaninta jiƙe da ruwan wankin ɗaki. "Kai da kake ƙato ga yadda ka koma. Ina ga tsohon da aka sa wa ƙarfe a ƙugu?"

"Na ji. Tun jiya nake ji."

"Tun sati uku kake ji, Baban Auta. Ƙarfe biyar za su sallami Baba. In ka dawo mini da halittar nan, to ni da Baba sai dai mu ƙara kwana a asibiti."

Ba ƙarya ta yi ba. Sati uku ke nan da abin ya faru. Mahaifinsa ya dawo daga aski yana dogara sandarsa, ya turo ƙofar gida, karen ya taso da gudu ya yi masa gaisuwar da ya saba, ƙafa biyu a ƙirji. Tsohon ya tafi da baya ya faɗi a kan siminti, ƙugu ya karye. Likita ya yi aiki, ya sa ƙarfe, ya kuma gaya wa mai walda ido da ido cewa faɗuwa ta biyu ba ta da gyara. Shi tsohon, a kan gadon asibiti, cewa ya yi, "Ba laifinsa ba ne, murna ce ta yi masa yawa." To amma murna ba ta ɗora ƙashi.

Mai walda ya yi abin da ya iya. Ya ƙera keji da ƙarfe mai kauri, wanda ko zaki ba zai fasa ba. Kwana huɗu karen ya yi a ciki yana kuka, yana cizon ƙarfe har haƙori ya gutsure, maƙwabta suka turo wakili. Ya kai shi shago ya ɗaure. Can kuma duk motar da ta wuce sai ya fizgi igiya zai bi ta, ran nan har ya jawo tukunyar gas ta kife. Tsakar gidan kuwa taku goma ce, kuma a nan tsohon zai riƙa koyon tafiya. Ƙanin matarsa ya ba da shawara tun ranar farko: a kai shi bayan gari, a kwance igiya, a juyo. Haka mutane suke yi, in ji shi.

Auta, 'yarsa mai shekara goma sha biyu, ta fito cikin kayan makaranta. Ita ta raini karen. Shekara biyu da suka wuce uban ya tsince shi a ƙarƙashin tarin guntayen ƙarfe, ido bai gama buɗewa ba, ita ta riƙa ba shi madara da murfin kwalba. Ita ta sa masa suna Tartsatsi, wai ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma duk inda ya faɗa sai ya bar tabo. Yau ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya daga nesa tana ta gyara igiyar jaka, alhali ba abin da ya sami igiyar.

"Abba, ba irin na Kawu za ka yi ba ko?"

"Ni na ce miki haka?"

"Ka rantse."

"Ke, ni sa'anki ne? Wuce makaranta."

Ba ta motsa ba. Taurin kan nan ya san inda ta samo shi.

"Gida zan samo masa," ya ce. "Mai abinci, mai inuwa. Na faɗa, na gama. Wuce."

Wurin da yake da shi a hannu guda ɗaya ne. Wani mai kemis da ya taɓa yi wa ƙofa da ƙarafan taga, ɓarayi sun haura masa katanga sun kwance injin jan ruwa, ya ce yana son kare mai gadi. Gidan yana sabuwar unguwa. Tsakar gida duk tayil, tukwanen fulawa jere a jikin bango, ga tiyo an bar shi yana zuba a gindin wata bishiya. Mai kemis ya fito cikin fararen kaya, yana ƙamshin turare, makullin mota a hannu.

"Oga mai walda! Shi ne wannan? Kai, ga kyau. Yana cizo?"

"Ba ya cizo, Dokta. Haushi dai, har unguwa ta gaba sai sun ji."

"Madalla. Sake shi ya ga wuri."

Mai walda ya so ya ce a'a. Amma mai neman alfarma ba ya gardama, sai ya kwance ƙulli.

Abin bai ɗauki minti biyu ba. Tartsatsi ya fara da tiyo. Ya cafki bakinsa ya shiga zagaye da shi, ruwa na feshi ko'ina, tiyon ya sharo tukwanen fulawa uku suka tarwatse. Ya saki tiyo ya bi wata kaza da Allah ya kawo daga maƙwabta, ya ratsa ta ƙarƙashin igiyar shanya ya fito da zanin gado a wuya kamar mai shirin fita biki. Matar gidan ta suri jaririnta ta ruga ciki tana salati. Da ya gama zagayen, sai ya tuna bai gai da maigidan ba. Ya taho da dukkan ƙarfinsa, ya ɗora ƙafa biyu masu laka a kan farar riga, ya lashi gemu.

Mai walda ya yi ta shawagi da manyan takalmansa kafin ya kama igiya.

Mai kemis ya daɗe yana kallon rigarsa. Mutumin kirki ne, bai yi zagi ba.

"Oga, kare na ce ina so. Ban ce janareto ba. Wannan ai ɓarayin sun fi shi tausayi, su abu ɗaya suka ɗauka."

"Yaro ne, Dokta. Zai nutsu."

"Ya je ya nutsu a wani wurin." Ya ga yadda fuskar mai walda ta faɗi, sai ya sassauta. "Bari ka ji. Akwai wata Hajiya mai gonar kifi, tana sayen magani a wurina. Ran nan na ji tana cigiyar kare. Ka bi babban titi ka wuce gadar jirgin ƙasa, bayan gidan mai na biyu ka saki kwalta ka yi dama, za ka ga tankin ruwa shuɗi. Amma ka ji shawara. Dattijuwa ce, ba ta son shirme. In ka kai mata shi a haka, ko ƙofa ba za ta buɗe maka ba."

Mai walda ya tsaya a bakin titi, agogon waya ya nuna sha biyu da kwata. Daga nan zuwa gonar akwai kilomita goma sha wani abu. Ya waiwaya ya dubi karen, wanda ke tsaye a bayan babur yana yi wa wata leda haushi. Wuri ɗaya ya rage. In wannan ya ƙi, sai bayan gari, sai kuma idon Auta.

Shekara talatin yana aikin ƙarfe, kuma abu ɗaya ya sani tabbas: ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa, wuta ake ba shi. In ya sha wuta ya yi ja, ko yaro sai ya kwantar da shi yadda yake so. Ya sauke karen, ya ƙara wa igiyar tsawo, ya ɗaure ta a gefen babur na hannun da ba motoci. Ya tashi injin ya sa giya ɗaya.

Da farko Tartsatsi ya ɗauka gata aka yi masa. Ya wuce gaba yana jan igiya, harshe a waje, kunnuwa a baya. Wani kwandastan bas ya leƙo ta taga ya ɗaga murya, "Oga, mai ne ya ƙare ka sa kare ja?" Fasinjoji suka kwashe da dariya. Mai walda bai ko dube su ba. Ya sa giya biyu.

Kafin gada karen ya dawo daidai da tayar gaba. Bayan gada ya koma daidai da ta baya. A gidan mai na farko mai walda ya tsaya ya sayi ruwa ya zuba masa a tafin hannu, ya shanye, ya ɗaga kai yana kaɗa wutsiya. Da sauran ƙarfinsa ke nan. Suka ci gaba. Rana tana tsakiyar ka, kwalta tana wani ƙyalli kamar an zuba mata mai. Shi mai walda takalmin aiki ne a ƙafarsa, tafinsa ya kai kaurin taya. Hannunsa kuwa ya daɗe da daina jin zafi, yakan ɗauki ƙarfen da aka gama yanka yanzu ya jefar gefe ba tsumma. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa ya taɓa kwaltar ya ji ba.

A gidan mai na biyu igiyar ta yi nauyi. Ya waiwaya ya ga karen yana tafe yana ɗingishi, kai a ƙasa. Ya tsaya ya ɗauke shi ya ɗora a baya. Wannan karon bai diro ba. Ya kwanta ta gefe, cikinsa na hawa da sauka.

"Yawwa," in ji mai walda. "Ko kai fa."

Gonar tana da faɗi. Tafkunan kifi takwas ne a jere, bibbiyu, da 'yar hanyar ƙasa a tsakaninsu, an ja waya an zagaye duka. A bakin kowane tafki an kafa mutum-mutumi da tsohuwar riga, an rataya gwangwanaye a igiya. Kusa da tankin shuɗi akwai rumfar kwano, buhunan abincin kifi jibge a ƙarƙashinta. Wata dattijuwa gajera, da takalmin roba har gwiwa da hular rana a kan ɗankwalinta, tana auna abincin a bokiti.

Ya yi sallama, ya faɗi wanda ya turo shi. Ya sauke karen ya ajiye a gabanta. Tartsatsi ya zube a inda aka ajiye shi, ya ɗora haɓa a ƙasa.

Mai walda ya gyara murya. Tun a hanya ya shirya maganar.

"Hajiya, kare ne mai hankali. Kin gan shi nan, haka yake wuni. Ba tsalle, ba guje-guje, ba ɓarna. In kin ajiye shi nan da safe, nan za ki same shi da yamma. Ko kaza ta taka shi ba ya ɗaga kai. Wani lokacin ma sai mu manta akwai kare a gidan."

Ta saurare shi har ya gama, tana kallon karen.

"To me zan yi da shi?"

"Na'am?"

"Na ce me zan yi da shi? Abin kwanciya ina da shi." Ta nuna buhunan. "Ga su nan arba'in, su ma inda na ajiye su nan nake samun su, kuma ba sa cin abinci. Malam, ka ga wancan?" Ta nuna can ƙarshen gonar, inda wani zalɓe yake tsaye da dogayen ƙafafunsa a kafaɗar mutum-mutumi. "Shi da 'yan'uwansa da shirwa, su suka fi ni cin moriyar gonar nan. Sai in zuba 'ya'yan kifi dubu, in kwashe ɗari shida. Na sa raga sun huda. Na sa gwangwani sun mai da shi kiɗa. Ma'aikatana biyu ne, ba wanda zai wuni yana gudu daga wannan tafki zuwa wancan. Ni karen da nake nema shi ne wanda Allah bai halicce shi da zama ba. Mahaukaci nake so. Ɗauki kayanka, Allah ya haɗa shi da mai so."

Ta koma kan bokitinta.

Mai walda ya dubi karen da ke zube a ƙasa. Ya ji kamar wanda ya yanke ƙarfe ya gama, sannan ya duba awo.

"Hajiya."

"Mun gama ai."

"Hajiya, wallahi mahaukaci ne."

Ta ɗago.

"Duk abin da na faɗa miki ƙarya ce. Karen nan bai taɓa zama ba tunda aka haife shi. Dubi nan." Ya naɗe hannun riga ya nuna mata sawun farce. "Dubi wandona. Ya ci kujerar babur ɗin nan sau biyu. Ya kama ɓera a sama, a sama, Hajiya, kafin ya sauka daga katanga." Ya sunkuya ya tafa hannu. "Tartsatsi! Tashi! Kama shi! Ga shi can!"

Karen ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya. Bai tashi ba.

"Malam," in ji ta, "ɗazu kare mai hankali, yanzu mahaukaci. Baki ɗaya, minti biyar. In na ce akuya nake nema, cewa za ka yi yana cin dusa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. Ya kashe.

Hajiya ta ajiye bokitin, don ta lura da wani abu. Karen yana lasar ƙafarsa ta gaba, yana lasa yana janyewa. Ta tsuguna da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta kama ƙafar ta juya. Fatar tafin ta saluɓe, jan nama a waje, da ƙananan tsakuwa maƙale a ciki. Ta duba ta biyu. Ta duba na baya. Duka huɗun.

"Me ka yi masa?"

Ya leƙa ya gani.

"Gudu na sa shi. Daga cikin gari. Don ya gaji, ki gan shi a nutse."

"A kwalta? Da tsakar ranar nan?" Ta miƙe tsaye. Ba ta kai kafaɗarsa ba, amma sai da ya ja da baya. "Cire takalminka."

"Hajiya..."

"Na ce cire! Ka je can bakin titi ka tsaya mini minti ɗaya, in ka iya in ba ka gonar nan kyauta. Ƙato da kai, gemu har da furfura, ba ka san abin da ƙafa take ji ba? Kai wane irin mutum ne?"

Bai kare kansa ba. A shago in yaro ya ɓata aiki, ba ya son jin dalili, haka shi ma bai kawo ba. Ya tsuguna kusa da karen ya ɗora masa hannu a ka. Tartsatsi ya juyo ya lashi hannun.

Lasar nan ce ta karya shi. Ya faɗa mata komai yana kallon ƙasa: tsohon da ƙugun, kejin da haƙorin, shawarar ƙanin matarsa, yarinyar da ta ce ya rantse, ƙarfe biyar. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba.

Ta shiga ɗan ɗakin da ke bayan rumfa ta fito da roba, da ruwa, da gishiri, da wani man shafawa da tsohon zani. "Riƙe kansa," ta ce. Ta wanke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, tana cire tsakuwa da farce, karen yana ƙugi a hankali. Ta shafa mai, ta yaga zanin ta naɗe. Hannunta ya san aikin.

"Shekara ashirin da shida ina wankin ciwo a asibiti kafin in yi ritaya," ta ce ba ta dube shi ba. "Na ga wauta iri-iri. Taka sabuwa ce. Sati biyu zai yi kafin ya taka da kyau. Magani na yi masa don Allah. Amma karɓa wani abu ne daban. Ni ban ga gudu ba, kwanciya na gani. Kuma maganarka, ka yi haƙuri, ka riga ka zubar da ita."

Wayar ta sake ƙara. Uku da rabi. Ya ɗauka.

"Baban Auta, kana ina? An kawo takardar sallama. Mai motar haya yana jira, ni ba zan iya ɗaga Baba ni kaɗai ba. Ka rabu da shi?"

"Ina zuwa."

"Ka rabu da shi ko ba ka rabu ba?"

"Na ce ina zuwa."

Ya tsaya riƙe da wayar. Sai wata dabara ta zo masa, ta farko mai kyau a ranar.

"Hajiya, ni kin ce ba ki yarda da ni ba. Kin yarda da Dokta mai kemis?"

"Shi ba ya sayar mini da jabu."

"To kira shi. Kada ki ce ina nan. Ki ce kawai kina tunanin karɓar karen."

Ta harare shi, ta zaro wayarta daga lalita, ta danna, ta buɗe murya yadda zai ji.

"Hajiya!" muryar mai kemis ta fito da ƙarfi. "Ya iso? Don girman Allah ki yafe mini, tun ɗazu nake nadamar turo shi. Kada ki karɓa! Wannan ba kare ba ne, annoba ce. Minti biyu ya yi a gidana, tukwane uku, zanin gado, rigata sabuwa. Kazar maƙwabta har yanzu tana kan rufin gareji ta ƙi saukowa."

"Yana bin tsuntsu ke nan?"

"Yana bin komai! Duk abin da ya motsa. Wanda bai motsa ba ma sai ya motsa shi ya bi. Ruwa kuwa kamar a ciki aka haife shi. Ba ya gajiya, Hajiya, ni da nake kallo na gaji, shi bai gaji ba."

"Ya ciji wani?"

"A'a, cizo kam babu. Da ma cizon ne, ai da an san maganinsa. So ne zai kashe ki da shi. Ki ji maganata, ki kore su."

"Na gode, Dokta. Ka taimake ni ƙwarai."

Ta kashe. Gefen bakinta ya motsa, ta danne.

A daidai lokacin zalɓen ya taso daga ƙarshen gona, ya yi shawagi, ya sauka a bakin tafki na kusa, bai fi taku ashirin daga rumfar ba. Kunnuwan Tartsatsi suka miƙe. Jikinsa ya hau rawa tun daga wuya har wutsiya. Ya yunƙura a kan ƙafafun da aka naɗe, ya saki wani haushi da sai da kwanon rumfar ya amsa. Zalɓen ya tashi a gigice, ƙafafu na reto.

Hajiya ta riƙe igiyar gam, ta danna bayansa ƙasa. "Kwanta, ɗan nema. Ba yau ba. Suna nan, ba inda za su." Ta dubi mai walda. "Me yake ci?"

"Komai. Ban da albasa. Kuma yana tsoron tsawa, in hadari ya taso sai an bar shi ya shiga ƙarƙashin wani abu. In zai gaishe ki, ki juya masa baya, in ba haka ba zai kayar da ke."

"Ni ba tsohonka ba ce. Buhu nake ɗauka." Ta ɗaure igiyar a ginshiƙin rumfa, ta jawo buhun da ba komai ta shimfiɗa masa, ta tura robar ruwa kusa. "In ya warke, ka kawo yarinyar wata Asabar ta gan shi yana aiki. Ba kafin nan ba, sai ya san nan ne gida. Yanzu tafi. Hankalinsa yana kan tsuntsaye, kada ka kira sunansa. In ya ga tafiyarka zai fizgi igiya, ya warware mini duk aikin da na yi."

Mai walda ya miƙe. Karen ya ba shi baya, ƙeya a miƙe, yana bin wata shirwa da ido a sararin sama.

Ya taka a hankali zuwa wurin babur. Ya zura makulli, ya ɗora ƙafa a kan abin tayarwa, sai ya tsaya. Karen ya san ƙarar injin nan. Tun daga kan kwanar layinsu yake jin ta ya kama tsalle a bayan ƙofa.

Huɗu saura minti biyar. Daga nan zuwa asibiti tafiya ce, kuma ya san abin da zai tarar a bakin matarsa. Ya sauke ƙafar. Ya cire giya, ya kama kan babur da hannu biyu, ya sa kafaɗa ya fara turawa. Babur ɗin ɗaukar ƙofofi ne, ba a yi shi don turi ba, ga hanyar duk rairayi. Tayoyin suna nutsewa, yana ciccije, gumi na zuba masa a ido. Ya wuce tankin shuɗi, ya wuce ƙofar waya, ya ci gaba da turawa. A bayansa haushin ya sake tashi, irin na kora, ba irin na kira ba.

Bai waiwaya ba. Sai da taya ta hau kwalta sannan ya tashi injin.